Ina neman Hausar "harmony" kafin gobe da yamma

Mai Shirin Dare:
Salamu alaikum jama'a. Ina gabatar da shirin waƙoƙin ƙasashen waje a wani gidan rediyo, gobe bayan sallar Juma'a za mu naɗi na wannan makon. Faifan farko na mawaƙan nan uku, Crosby, Stills & Nash, zan sa, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a watan Mayun 1969. Abin da ya ɗaga faifan shi ne mutum uku su rera baiti ɗaya a tare, wannan muryarsa sama, wannan tsakiya, wannan ƙasa, kunne kuma ya ji kamar murya guda ce mai kauri. Shi ne Bature ke kira harmony. Na rubuta "daɗin murya" na goge, na rubuta "haɗin murya" na tsaya ina kallonsa. Ku agaza.

Ɗan Kwari:
Amshi mana. Me ya yi zafi?

Mai Kalangu:
A'a ƙanena, ba amshi ba ne. Amshi bayan jagora yake zuwa. Shata ya kawo baiti ya sarara, yaransa su karɓa, kuma ko su nawa ne kan murya ɗaya suke tafiya. Waɗannan kuwa babu mai jiran wani. Ka ce amshi, mai sauraro zai yi ta kasa kunne yana jiran inda za a amsa har waƙar ta ƙare.

Mai Shirin Dare:
Yawwa Baba, nan ne na maƙale. Wanda bai san faifan ba ya nemi waƙar Helplessly Hoping da ke cikinsa. Babu ganga babu komai, jita ɗaya ce da makogwaro uku. Na Nash ne siriri a can sama, ana jin sa. Na Stills da ɗan kaushi. Na Crosby kuwa sai ka yi da gaske kafin ka tsinto shi a tsakiya, amma da za a zare shi da waƙar ta zama fayau kamar miya ba daddawa.

'Yar Jos:
Mu a coci kullum abin da muke yi ke nan. Mai koyar da mu yakan ce masu murya ta ɗaya ku tsaya nan, masu ta biyu can. In an haɗu ya yi kyau sai ya ce muryoyin sun jitu. Ni dai "jituwar muryoyi" zan ce, ko kakata za ta gane.

Ɗan Kwari:
Jituwa? Ai waɗannan ukun duniya ta san su da faɗa da juna, har Crosby ya rasu a 2023 an yi shekaru ba su hau dandali tare ba. 😂

'Yar Jos:
Muryoyin na ce sun jitu, Yaya, ban ce masu su ba.

Tsohon Malamin Hausa:
Ku dakata. "Haɗin murya" bai yi ba, domin 'yan makarantar allo ma in suna biya karatu tare sun haɗa murya, ga shi kuma yana kai hankali ga haɗin baki. "Jituwa" ta zaman tare ce, ta kishiyoyi da maƙwabta. Kalmar da ake nema tana nan a gida tun kaka da kakanni: tufka. Wanda ya taɓa zama kusa da mai igiyar rama ya gani. Zai ware sili uku, ya danne bakin da babban ɗan yatsan ƙafa, ya murza kowanne a tafin hannu, sa'annan ya bar su su nannaɗe juna. In ya gama igiya ɗaya ce a hannunka, amma ka duba da kyau kowane sili yana nan da hanyarsa. To TUFKAR MURYA ke nan. Shekara da shekaru ina faɗa a aji.

Mai Shirin Dare:
Allah ya ƙara basira Malam, hoton ya zauna. Har ya yi daidai da labarin haɗuwarsu. A 1968 a wani gida a Laurel Canyon, unguwar mawaƙa a Los Angeles, Stills da Crosby suka rera You Don't Have to Cry su biyu. Nash, wanda ɗan Ingila ne kuma a lokacin yana ƙungiyar Hollies, ya ce su maimaita, suka maimaita, ya sake roƙo, a na uku ya ɗora tasa a sama. Su kansu sun yi ta musu kan ko gidan wa aka yi abin, na mawaƙiya Joni Mitchell ko na mawaƙiya Cass Elliot. Sili na uku ke nan. Tsorona ɗaya: Bahaushe ya ji tufka, warwara ce za ta faɗo masa.

Yaron Situdiyo:
Gaskiya ku daina wahalar da kanku. Mu da muke aikin kullum hamoni muke cewa. "Ɗora mata hamoni a amshin nan." Babu mawaƙin da ya taɓa tambayata me nake nufi.

Tsohon Malamin Hausa:
Ga irinta nan. Haka kuka mayar da kiɗa "bit", kuka mayar da faifai "albam". Yaro, harshen da ya raɗa wa jirgin sama suna ba zai gaza a kan mutum uku masu waƙa ba.

Yaron Situdiyo:
Ranka ya daɗe, ai shi ma shirin a rediyo za a sa shi. Rediyon da jitar wane Bahaushe ne ya raɗa musu suna?

Almajirin Zariya:
In aro za a yi gara a ara daga inda muka saba. Larabci na da insijami.

Ɗan Kwari:
Wa zai ce insijami a shirin jita da sha ɗayan dare, Sheikh?

Ɗan Maraɗi:
Mu nan waɗanda suka yi lakwal armoni za su ce, kun ga aro ma ba zai haɗa mu ba. Ni na Malam ya yi mini. Amma tubka muke cewa, da b. Kullum sai a zauna Kano a yanke, mu a aiko mana.

Tsohon Malamin Hausa:
Daidaitacciyar Hausa tufka ta ce. Ba ni na kafa ƙa'ida ba.

Ɗan Maraɗi:
Narambaɗa da wace daidaitacciya ya yi waƙa, Malam? Har gobe a jami'o'inku shi ake nazari.

Tsohon Malamin Hausa:
Waƙa daban, rubutu daban. Kuma ni ba Bakano ba ne, kada ka ɗora mini.

Mai Kishin Gida:
Ni abin da ban gane ba, ga Ɗan Maraya, ga Barmani Choge, ga Ɗanƙwairo, sai a ɓata awa guda kan Turawan da ko sunan garinmu ba su sani ba?

Mai Shirin Dare:
Shirin na waƙoƙin waje ne Malam, na gida yana da ranarsa kuma ba ni ke yin sa ba. In don Afirka ne, akwai Marrakesh Express a faifan, Nash ya yi ta ne kan jirgin ƙasan da ya hau daga Kasablanka zuwa Marrakesh a Maroko. Don Allah mu dawo kan kalma, dare na yi.

'Yar Jos:
Gwada su a jimla ka ji. "Ku saurari jituwar muryoyinsu." "Ku saurari tufkar muryarsu." Ta biyun sai an yi bayani.

Mai Kalangu:
Ta farko tana shiga kunne, ta biyu tana nuna yadda abin yake. Ai ba aure ba ne da za a ce sai ɗaya. Ka buɗe da jituwa, in ka zo kan waƙar nan mai jita ɗaya ka kawo igiyar Malam.

Mai Shirin Dare:
Haka zan yi. Ga abin da na rubuta: "Crosby daga ƙungiyar Byrds, Stills daga ƙungiyar Buffalo Springfield, Nash daga ƙungiyar Hollies. Jituwar muryoyinsu ce ta ba su kyautar Grammy ta sababbin mawaƙa, muryoyi uku da aka tufke kamar igiya." Na gode ƙwarai. Saura folk rock, na sa "waƙar gargajiyar Amurka da aka sa wa jitar lantarki" kafin a samu mai gajarta shi.

Tsohon Malamin Hausa:
An mayar da tufka ɗan rakiya. To, ba komai, a dai faɗe ta da f.

Ɗan Maraɗi:
Da b.

Yaron Situdiyo:
In an zo naɗi gobe injiniyan zai tambaye ka ko a ƙara wa hamonin ƙarfi, sai ka ba shi amsa da igiya.