Arduino da Ƙaramin Jirgin Ƙasa: Abin da Aka Tattauna

A zaman da masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa suka yi a Rigasa, bakinsu ya zo ɗaya: kada a jona motar lantarkin da ke tafiyar da jirgi kai tsaye da Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni. Ƙafar Arduino, wato inda ake jona waya, volt 5 take bayarwa, jirgin HO (wani girma ne na ƙananan jiragen) kuwa volt 12 yake so. A sa L298N, allon da ke sarrafa motar, a tsakani, a haɗa wayar ƙasa (GND, wato negatif) ta ɓangarorin biyu wuri guda, in ba haka ba jirgin ya yi ta fizge-fizge.

Kowane LED (ƙaramin ƙwan fitila) da resista mai rage masa ƙarfin wuta, om 220 ya isa. Don gane wucewar jirgi, ɗan maganaɗisu a ƙarƙashinsa da firikwensin maganaɗisu a kan layi sun fi firikwensin haske, a ganina, saboda ƙurar hunturu. Layin dogon ma a riƙa goge shi da sifirit.