Ta wace ƙofa ake shiga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya ko ECOWAS?

Zulai_Kubwa:
Assalamu alaikum. Na gama bautar ƙasa bara, digirina na tattalin arziki ne, ina zaune a Abuja. Burina in yi aiki da Majalisar Ɗinkin Duniya ko ECOWAS, amma duk tallar da na buɗe sai in ga P-3, NO-B, G-5, kaina ya ɗaure. Wanne ne daidai da ni? Kuma wani ya turo min fom ta WhatsApp, wai in biya kuɗin tantancewa. Yayyena a taimaka.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Haruffan nan su ne tsanin, sai kin gane su za ki san inda za ki ɗora ƙafa.

G aikin tallafi ne: direbobi, masu kula da kuɗi, sito da harkar ofis, daga G-1 zuwa G-7, a cikin ƙasa ake ɗauka. NO na ƙwararru ne 'yan ƙasa, wato ɗan Najeriya kaɗai zai nemi na Najeriya. P shi ne na ƙasa da ƙasa, wanda za a iya tura ki Nairobi ko Janiba. P-2 yana son gogewar shekara 2, P-3 shekara 5, P-4 shekara 7, P-5 shekara 10, galibi da digiri na biyu. Mai digiri na farko akan ƙara masa shekara 2 a madadin na biyun.

Kin ga ke nan P-3 ba taki ba ce yanzu, kada ki ɓata datarki. Ki sa ido kan NO-A, wanda shekara 1 zuwa 2 yake nema, da kuma UNV, shirin aikin sa-kai na Majalisar, inda ake biyan alawus duk wata kuma a lissafa miki shi a matsayin gogewa. Abu ɗaya game da G: albashinsa ba laifi, sai dai a Sakatariyar Majalisar tsallakawa daga G zuwa P na da wuya, sai an ci jarrabawa. Wanda ya shiga G don ya huta, to. Wanda ke hangen P gara ya bi ta NO.

Akwai kuma jarrabawar YPP ta ɗaukar matasa a matakin P, kada shekarunki su wuce 32, digiri na farko ya isa. Amma 'yan ƙasashen da ba su da isassun ma'aikata a Sakatariya kaɗai ake gayyata, kuma jerin yana canzawa duk zagaye. Ki fara duba ko Najeriya na ciki kafin ki kama karatu.

Hajiya Mairo Gwarimpa:
Baban Ummi ya gama da tsani, bari in taɓa fom, don nan ne mutanenmu ke faɗuwa tun ba a ga fuskarsu ba.

Sakatariya na karɓar takardu ta shafinta na intanet mai suna Inspira, su UNICEF, WHO da WFP kowa da shafinsa. Kowace talla tana da sharuɗɗan dole da waɗanda ake so kawai. Idan an ce shekara 2 ke kuma kina da wata 22, an cire ki, ba lallashi. Don haka ki rubuta ranar farawa da ranar gama kowane aiki daidai, har da na bautar ƙasa da na wucin gadi. Ki kuma tabbatar jami'arki na cikin WHED, kundin jami'o'in duniya, da shi ake tantance digiri.

Wajen bayanin aiki kada ki ce "na taimaka a ofis". Ki ce me kika yi, wa mutum nawa, a ƙaramar hukuma nawa, da wace manhaja. Wasiƙa ɗaya da ake liƙa wa kowace talla ana gane ta tun layin farko.

Idan kin tsallake, sai gwajin rubutu mai ƙayyadadden lokaci, sannan ganawa. Tambayar ba ta "me kika sani" ba ce, za a ce ki kawo lokacin da kika samu saɓani da abokin aiki, me kika yi, me ya biyo baya. Ki tanadi misalai biyar ko shida na gaske. Ranar gwajin kuma ki cika caji, ki tanadi layi biyu. Ɗaukewar wuta ba uzuri ba ne a wajensu.

Sannan 'yata, kada ki liƙe wa Abuja. Maiduguri, Damaturu, Sakkwato da Bauci sun fi buɗe ƙofa ga sabon shiga, kuma can ne Hausarki ke zama jari. Sai dai ki sani tun 2025 da Amurka ta zaftare tallafi guraben sun ragu, kwangiloli sun gajarce.

Ɗan Tudun Wada:
ECOWAS kuwa ga ta nan Abuja, harsunan aikinta uku: Ingilishi, Faransanci da Fotugis. Mai biyu yana gaban mai ɗaya, haka ma a Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa da Bankin Raya Afirka a Abijan. Ki shiga ajin Faransanci a cibiyar Faransa da ke Abuja, ki nufi takardar shaidar iya Faransanci ta DELF matakin B2. "Ina ɗan ji" ba ya shiga fom. Mai Larabci kuma ya leƙa Bankin Musulunci na Jidda, yana da ofishin shiyya a nan Abuja.

Maganar fom ɗin WhatsApp: ɗan damfara ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko sisi a kowane mataki, ba na fom, ba na ganawa, ba na horo. Ki dubi adireshin imel ɗin, idan Gmail ne ki toshe shi. Kada ma ki tura masa hoton fasfo ko lambar NIN.

Zulai_Kubwa:
Allah Ya saka da alheri, na toshe shi. Yau zan buɗe rajistar UNV. Hajiya, idan na rubuta bayanin aikina na bautar ƙasa zan saka a nan ku gyara min.