Karen gadina ya ƙi cin abinci kwana biyu ke nan, ina neman shawara

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kiwon karnuka, musamman likitocin dabbobi idan akwai su a nan. Ina da karen gadi namiji, irin namu na gida, mai kimanin shekara uku, wanda yake tsare mini gidan gona a bayan gari inda nake ajiye awaki da kaji. Tun da na same shi bai taɓa barin abinci a kwano ba, har yaron da ke kula da wurin yakan ce cikinsa ba shi da ƙasa. Shekaranjiya da yamma aka zuba masa ragowar tuwo da miya, ya sansana ya juya baya. Jiya na je da kaina na kai masa shinkafa da kawunan kifi, abin da a da yake tsalle a kansa, amma ko ɗaga kai bai yi ba. Yana shan ruwa kaɗan, yana yini a kwance a ƙarƙashin rumbu, kuma ko baƙo ya shigo ba ya haushi. Bai yi amai ba, bai yi gudawa ba.

Wani maƙwabcina mai shanu ya ce sammore ne, har ya ce zai yi masa allurar Berenil da yake yi wa shanunsa. Wani kuma ya ce in daka masa farasitamol in zuba a ruwa. Ban yi ko ɗaya ba tukuna, domin ban san abin da nake yi wa magani ba. Shin in ƙara jira, ko kuwa kwana biyu ya isa a ce abin ya wuce na jira?

Wani maharbi, daga Zuru:

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina farauta da karnuka, kuma abin da zan faɗa maka daga gani ne, ba daga karatu ba. Kare lafiyayye yana iya ƙin abinci yini guda, musamman a tsananin zafin bazara, ko idan ya ci wani abu a daji ya ƙoshi, ko idan akwai karya mai neman barbara a unguwa, domin a lokacin hankalinsa ba ya kan kwano. Irin wannan karen za ka same shi da kuzarinsa, yana haushi, yana kaɗa wutsiya idan ka kira shi. Naka kuwa ka ce ya kwanta ya daina haushi, to wannan ba ƙyuya ba ce, ciwo ne.

Tunda damina ta sauka kuma ciyawa ta yi tsawo, ni kaska na fara zargi. Ka duba cikin kunnuwansa, da tsakanin yatsun ƙafafunsa, da wuyansa, da ƙarƙashin wutsiya. Sannan ka buɗe bakinsa ka leƙa, domin sau da yawa na ciro ƙashi ko guntun itace da ya gitta a saman bakin kare tsakanin haƙora, kuma tunda kana ba shi kifi, ƙaya ma tana iya maƙalewa.

Likitar dabbobi, daga Gusau:

Malam, ka yi daidai da ka dakata da waɗancan magunguna biyu, kuma zan dawo kansu. Baba maharbi ya faɗi gaskiya a kan kaska da ƙashi, amma ina roƙon afuwarsa, akwai abin da ya kamata ya gabaci sa hannu a bakin kare. Ciwon haukan kare ba kullum yake zuwa da cizo da guje-guje ba. Akwai nau'insa mai shiru, wanda kare yake laɓewa, muƙamuƙinsa ya saki, yawu ya riƙa dalala, ya kasa haɗiya, har mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu, alhali ƙwayar cutar tana cikin yawun. Saboda haka ka fara amsa wa kanka waɗannan: an yi masa allurar rigakafin hauka a cikin shekarar nan? Ya yi faɗa da wani kare ko dila a 'yan makonni ko watannin baya? Muryarsa ta sauya? Idan akwai shakka, a killace shi inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba, a kira ma'aikacin dabbobi. Wanda kuma ya ciza ko ya yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran alama, domin da zarar alamun cutar sun bayyana a jikin mutum ba a cika tsira ba.

Idan ba ya dalalar yawu kuma rigakafinsa bai tsufa ba, sai ka sa safar hannu ka ɗaga leɓensa na sama a hankali ka dubi dasashinsa. Na kare lafiyayye jaja-jaja ne mai danshi. Idan ka ga ya yi fari fat, jini ya ragu, idan kuma ya yi ruwan ɗorawa, ko farin idonsa ya yi hakan, to jajayen ƙwayoyin jini suna fashewa ko hanta ta taɓu. Ka sa yaron ya lura da fitsarinsa, ko ya koma launin shayi ko ja. Ka kama fatar bayan wuyansa ka ja ka saki: idan ta koma nan take, da sauran ruwa a jikinsa, idan ta tsaya a tattare, ya fara bushewa. Zafin jikin kare yakan tsaya tsakanin digiri 38 zuwa 39.2, wato ya ɗara na mutum, don haka taɓa shi da hannu ba ya nuna zazzaɓi, sai da ma'auni. Bushewar hanci ma da mutane suke dogaro da ita ba hujja ba ce.

Abin da na fi zato a irin bayaninka shi ne ɗaya daga cikin cututtukan da kaska ke sawa. Akwai babesiya, wadda take shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta farfasa su, kusan yadda zazzaɓin cizon sauro yake yi wa mutum, akwai kuma elikiya, wadda take kama fararen ƙwayoyin jini, wani lokaci har kare ya riƙa haɓo. Sammore ma yana kama karnuka a wuraren da ake da ƙudan tsando, kuma sau da yawa idon kare yakan yi hazo kamar an shafa masa madara. Dukkansu suna farawa da zazzaɓi da kasala da ƙin abinci, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne, shi ya sa ake ɗibar ɗigon jini a duba da madubin likita kafin a yi allura.

Game da Berenil, gaskiya ne ana amfani da sinadarin da ke cikinsa a kan karnuka, amma tazarar da ke tsakanin abin da zai warkar da abin da zai kashe ƙarama ce ƙwarai. Mai shanu ya saba auna wa dabba mai nauyin ɗaruruwan kilo, karen gida kuwa da wuya ya wuce kilo 20. Idan aka zarce, ko aka maimaita allurar kusa da kusa, maganin yana taɓa ƙwaƙwalwa, kare ya riƙa tangaɗi da farfaɗiya, kuma da yawa ba sa tashi. Farasitamol yana iya lalata hantar kare, ibufurofen kuma yana ƙwarzane masa ciki ya taɓa ƙoda. Babban kare da ya kwana biyu bai ci ba ga kasala, lokacin jira ya wuce. Da ɗan kwikwiyo ne mai amai da gudawar jini mai wari, da ko yini guda ba zan ce a jira ba, domin wannan na iya zama cutar fabo, mai kama hanjin ƙananan karnuka, wadda take kashe su cikin 'yan kwanaki.

Manomin albasa, daga Aliero:

Likita, a ƙara da batun ragowar abinci. Mu nan albasa ba ta yi mana tsada, muna zuba ta a miya ba awo, kuma na taɓa rasa kare bayan wani biki da aka tara masa ragowar dafa-duka da soyayyiyar albasa kwana da kwanaki. Daga baya ma'aikacin dabbobi ya bayyana mini cewa albasa, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata jinin kare, tafarnuwa ma haka, kuma alamun ba sa fitowa sai bayan kwanaki. Malam ya kuma tambayi yaronsa ko an sa shinkafar ɓera a kusa da rumbun, tunda a nan karen yake kwanciya.

Mai tambaya, daga Birnin Kebbi:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi masa rigakafin hauka wata biyar da suka wuce, kuma ba ya dalalar yawu, don haka na duba bakinsa. Babu ƙashi, amma dasashin ya yi fari, kuma na ciro kaska sun fi ashirin daga kunnuwansa kaɗai, abin da ya ba ni kunya, domin kullum ina ganinsa ban taɓa leƙawa ba. Ba a sa maganin ɓera ba. Yau da safe na ɗauke shi a bayan mota zuwa asibitin dabbobi, aka auna zafinsa ya haura 40, aka duba jini aka ce babesiya ce. Sun auna nauyinsa kafin su yi masa allura, sun ƙara masa ruwa, sun ce in dawo da shi bayan mako biyu. Da yamman nan ya lashi romon kaza kaɗan. Tambayata ta ƙarshe, Likita, ita ce yadda zan yi da kaskar, tunda akwai wata karya a wurin.

Likitar dabbobi, daga Gusau:

Madalla, Malam. Ka ci gaba da ba shi abinci mai laushi kaɗan kaɗan, kamar shinkafa da dafaffen nama marar ƙashi, ba albasa ba yaji, kuma kada a ɗura masa da ƙarfi, domin yana iya sarƙewa abincin ya gangara huhu. Ita kaskar kare mai ruwan ƙasa ba a jikin kare kaɗai take zama ba. Idan macen ta ƙoshi da jini sai ta sauka ta shige tsagar bango ko ƙarƙashin rumbu ta zuba dubban ƙwai, saboda haka wanke kare kawai ba ya raba ku da ita. A share ciyawar da ke kewaye, a toshe tsagogin, a yi feshin makwancin da maganin da asibitin suka ba ka, a bar shi ya bushe kafin karnukan su koma. Kada a shafa musu fiya-fiya ko maganin feshin gona, domin suna lasar jikinsu. Wajen cire kaska a kama ta daf da fata a ja a hankali, a jefa ta cikin kananzir, kada a murtsuke ta da yatsa. Maganin wanka kuma a jinkirta wa marar lafiyar har ya murmure, amma ita karyar ka duba dasashinta yau, ka tafi da ita ranar da za ka mayar da shi a ɗebi jininta ita ma.