Ina son zuwa kallon gasar Afirka ta 2027, me zan fara shiryawa?

Ɗan Ƙofar Soro:
Salamu alaikum. Ban taɓa kallon ƙwallo a wani fili ba sai na Muhammadu Dikko, nan Katsina. Yanzu ina tara kuɗi don gasar cin kofin Afirka ta 2027 da za a yi a Kenya, Uganda da Tanzaniya. Yayyena, ta ina zan fara?

Alhaji na Ƙofar Marusa:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Fasfo tukuna, kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin ya ƙare. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa. Na je Abidjan a 2024, ranar 11 ga Fabrairu ina cikin filin Ebimpé aka ci mu 2-1 a wasan ƙarshe, har yau abin na raina. Filin na bayan gari, cunkoson motoci ya sa na tako sauran hanyar da ƙafa, gumi har ya jiƙe min tikiti a aljihu. Ka fita da wuri sosai. Kada ka sayi tikiti hannun 'yan bakin ƙofa, na ga wani yaro yana kuka an sayar masa da na bogi.

Hajiya daga Daura:
Ɗana, can ba ECOWAS ba ce, ka bincika batun biza tun yanzu. Ka riƙe rigar sanyi, Nairobi kan tudu take, dare da sanyi.

Ɗan Ƙofar Soro:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Alhaji, kuɗin fa, dala zan canza a Kano ko in jira sai na sauka?