Ɗana na naziri waƙa da shafa kala kawai yake dawowa da su, ko in canja masa makaranta?

Maman Ɗan Fari, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga malamai da iyayen da suka riga ni ganin wannan mataki. Ɗan farina shekararsa huɗu da wata uku, yana aji biyu na naziri a wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Zango na biyu ke nan, amma in na buɗe jakarsa ba abin da nake gani sai takardar da ya shafa wa kala, wani lokaci da zanen layuka da da'ira. Waƙoƙi kam ya haddace su. 'Yar maƙwabciyata tsararsa ce, tana wata makarantar, tana rubuta 1 zuwa 100, kullum da aikin gida shafi biyu. Nawa kuwa ko 3 ya zo rubutawa sai ya juyar da ita tana kallon baya. Jiya maigidan ya ce shi fa bai ga amfanin kuɗin da yake biya ba, in wasa ne ai ga tsakar gida nan kyauta. Maƙwabciyar kuma ta ce laifina ne da nake yi masa Hausa a gida maimakon Turanci. Tun jiya hankalina bai kwanta ba. Me ya kamata yaro ya koya a wannan aji? In canja makaranta ne, ko in ɗaukar masa malamin lesin? Ni kuma me zan yi masa a gida?

Malamar Naziri, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, na daɗe a ajin yara masu waɗannan shekaru, kuma kusan kowane zango sai wata uwa ta zo min da wannan damuwar.

Kafin komai ki gwada wannan yau da yamma. Ki tara murfin lemo guda takwas a kan tabarma, ki ce masa, "Ba ni guda biyar." Ki zuba ido ki ga ko yana taɓa kowane murfi sau ɗaya yana ƙirgawa, kuma ko ya tsaya da ya kai biyar. Na sha ganin yaron da yake rera 1 zuwa 100 ba tuntuɓe, amma in aka ce ya kawo biyar sai ya damƙo duka ya miƙo. Wannan waƙa ce ya haddace, lissafin bai shiga ba tukuna. Wanda ya iya ware biyar daga takwas, ya kuma gaya miki saura uku, ya riga ya fara ɗebewa ko da bai taɓa rubuta alamarta ba.

Shafa kala da zanen layin da kike gani horon yatsu ne. Yatsun ɗan shekara huɗu ba su gama ƙwari ba. Layi a tsaye, layi a kwance, da'ira, gicciye, daga waɗannan ake gina kowane harafi. In aka tilasta masa cika shafi biyu kafin hannun ya nuna, sai ya koyi damƙe fensir da dukan tafinsa, ya kuma tsani rubutu. Gyara wannan a firamare ya fi wuya. Juya 3, ko rikita b da d, abu ne da ake gani ga yara da yawa har wajen shekara bakwai.

Waƙoƙin ma ki saurare su da kyau. Makarantu da yawa yanzu suna bin tsarin Jolly Phonics, wato koyar da karatu ta sautin haruffa, mai sautuka 42, da ake farawa da s, a, t, i, p, n, kowanne da waƙarsa da motsin hannunsa. In kin ji yana "sssss" yana lanƙwasa hannu kamar maciji, karatu ne yake yi.

Sai kuma abin da ba ya shiga jaka: ya rabu da ke a bakin ƙofa ba kuka, ya zauna ya saurari labari har ƙarshe, ya jira layinsa, ya faɗi yana jin fitsari, ya wanke hannu, ya mayar da abin wasa inda ya ɗauko. Wallahi waɗannan su ne rabin aikinmu. Lesin kuwa ban ba ki shawara ba a wannan shekarun.

Kakar Yara, Katsina:
'Yar nan, ki tuna yadda aka yi mana a makarantar allo. Ai ba ranar da aka kai yaro ake ba shi alƙalami da tawada ba. Zama yake cikin 'yan uwansa, kunnensa na sha, har ya riƙe Fatiha da ƙananan surori da ka. Sannan a rubuta masa babbaƙu a allo, daga baya farfaru, kuma malam ne ke rubuta masa tsawon lokaci kafin a bar shi ya rubuta da hannunsa. Malamanmu na da can ba su jahilci yaro ba.

A gida kuwa, ki jawo shi jikinki. In kina tsintar wake, ki zuba masa nasa a faifai ya ware tsakuwa. In kina kwaɓa fulawa, ki gutsura masa ya mulmula. Ki bar shi ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa ko da zai ɓata miki lokaci. Da dare ki ce masa "Ga ta nan, ga ta nanku," ki ba shi ta Gizo da Ƙoƙi, gobe ki ce shi ya ba ki. Jikokina da haka bakinsu ya buɗe.

Baban Yara, Damagaram:
Hajiya, mu a nan Nijar jardin muke ce wa wannan aji, wato lambun yara. Sunan daga Jamus ya samo asali, wani malami Friedrich Froebel ne ya raɗa wa makarantarsa shi a 1840, kuma wasa da waƙa da ginin ƙananan katakai su ne ginshiƙin tsarinsa. Haka Montessori da ake rubutawa a allunan makarantu sunan wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, da ta buɗe ajinta na farko a Rum a 1907, inda yara ke koyo ta taɓa abubuwa da hannu. Abin da ke damuna shi ne makarantar da ta ɗora sunan a ƙofa, a ciki kuwa kwafe allo ake yi da bulala.

Game da maigida, ni ma na taɓa faɗin irin maganarsa. Wanda ke fitar da kuɗi yana da haƙƙin ya ga abin da ya saya. Kada ki yi gardama da shi, ki roƙe shi ya kai yaron da kansa wata safiya, ya tsaya ta taga ko na minti goma ne. Ni abin da ya sauya min ra'ayi ke nan.

Ma'aikaciyar Jinya, Kano:
Ta ɓangarenmu: shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ga 'yan shekara 3 zuwa 4 ita ce barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, motsa jiki aƙalla minti 180, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Yaron da ya kwana ƙarfe sha ɗaya da waya a hannu ba abin da malama za ta iya zuba masa da safe. Ki tabbatar ya karya kumallo. In kin lura yana matso da takarda dab da idonsa, ko sai an kira shi sau uku yake juyowa, ko baƙo ba ya gane maganarsa, ki kai shi a duba ido da kunne.

Maman 'Yan Biyu, Bauchi:
Ni dai zan ɗan saɓa. Duk abin da Malama ta faɗa gaskiya ne, amma akwai makarantun da ke fakewa da "wasa muke koyarwa" alhali yara arba'in ne a ɗaki ɗaya an kunna musu katun har a tashi. Ya faru da 'yan biyuna, shekara guda ta tafi a banza kafin na farga. Ki je ba tare da sanarwa ba wajen ƙarfe goma. Ki ƙirga yara nawa ne ga malama ɗaya. Ki nemi a nuna miki tsarin aikin zangon. Ki tambayi malamar abu ɗaya da ɗanki ya iya yanzu wanda bai iya ba a zangon farko. In ta san shi, nan take za ta faɗa miki. In ta fara kame-kame, to ki fara neman wata makarantar.

Malamar Naziri, Zariya:
Na yarda da Maman 'Yan Biyu ɗari bisa ɗari. Na kuma manta maganar Hausa, kuma ita ta fi ƙona min rai. Kada ki daina. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife, aka koyar da wasu yara da Yarabanci duk shekaru shida na firamare, Turanci kuma darasi ne a cikin darussa. Yaran ba su koma baya a Turanci ba, kuma sun yi kyau a sauran darussan. Yaron da ya san "nauyi", "rabi", "jiya", "saboda" a harshensa, kalmar Turancin kawai zai ɗora a kai. Ki yi masa hira mai daɗi da Hausar da kika ƙware a kanta. Kuma ki daina tambayarsa "me aka koya muku yau", ba zai iya amsawa ba. Ki ce, "Wa ya zauna kusa da kai? Wa ya yi kuka? Koya min waƙar yau."

Maman Ɗan Fari, Kaduna:
Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana zuri'a. Malama, na yi gwajin murfin bayan la'asar. Ya ƙirga da yatsa ɗaya-ɗaya ya ba ni biyar daidai, sannan ya kalli ragowar ya ce, "Mama, waɗannan ukun nawa ne." Babansa yana zaune yana gani, bai ce komai ba, amma ya ce ranar Litinin shi zai kai shi. Ni kuma Laraba zan je da ƙarfe goma kamar yadda Maman 'Yan Biyu ta ce. Inna Kaka, don Allah in kina da ƙarshen tatsuniyar Gizo da baƙin da suka zo gidansa ki turo min, rabinta kawai nake tunawa, kuma ya riga ya sa ni alkawarin daren yau.