Sabon hannu ne, ina son haɗa amfilifaya mai bawul: ta ina zan fara?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Ina son in haɗa ƙaramar amfilifaya irin ta da, mai bawul (kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti), wadda zan jona wa wayar hannu in ji karatu da waƙa a ɗaki. Na iya solda, na iya karatun mita, amma aikina bai taɓa wuce bolt 12 ba. A hannuna akwai bawul biyu, EL84 ɗaya da 12AX7 ɗaya da aka ciro daga tsohuwar rediyo. Za su isa? Me zan nema a Sabon Gari, kuma ko taransifomar caja za ta iya tsayawa a madadin ta sifika?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Za su isa, ɗana: layi ɗaya, wato na sifika ɗaya, wajen wat 4 zuwa 5, kuma ya ishi ɗaki in sifikarka mai kyau ce. Amma kafin kaya, ka san cewa wutar da ke cikin wannan akwati tana haura bolt 300, kuma kafasita tana riƙe ta bayan ka zare soket. Tana kisa. Ka ɗaura rezisto 220k (om 220,000) mai wat 2 a kan babbar kafasita ta zauna can dindindin, ita za ta riƙa zuƙe wutar in an kashe. Duk da haka kada ka taɓa komai sai mita ta nuna ƙasa da bolt 10. Awo da hannu ɗaya, ɗayan a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ba tsaye kan siminti ba takalmi ba. Kuma kada wani ya ruɗe ka da ɗauko wuta kai tsaye daga soket ba taransifoma don a rage kuɗi. Wasu tsofaffin rediyoyi haka aka yi su, shi ya sa shasinsu, wato ƙarfen da aka ɗaura kayan a kai, ke jan mutum.

Taransifomar wuta: shiga 230, fita biyu. Ɗaya 230 mai aƙalla miliam 100, ɗaya 6.3 mai am 2 don hita, wato zaren da ke ɗumama bawul. EL84 na shan am 0.76, 12AX7 na shan 0.3, ka ga akwai rara. Dayod 1N4007 guda huɗu, sai kafasita maikiro 47 mai bolt 450, sai rezisto 1k mai wat 10, sai wata kafasita maikiro 100 mai 450. A nan za ka samu kusan 250, ita ce wutar EL84. Daga nan 10k da maikiro 22 su kai wa 12AX7 tata. Fiyus a shiga, shasi kuma a ɗaure shi da wayar ƙasa ta fulogi mai ƙafa uku.

EL84, ana ƙirga ƙafafu daga ƙasan soket, bin hannun agogo daga giɓin: ta 2 girid (inda sauti ke shiga), ta 3 katod, 4 da 5 hita, ta 7 fulet (inda yake fita), ta 9 girid na biyu. Sauran ƙafafun bar su haka nan, kada ka mai da su wurin ɗaure waya, don wasu a haɗe suke ta ciki. A katod sa om 150 mai wat 2 tare da maikiro 100 mai bolt 25. Daga girid zuwa ƙasa 470k, sai 1.5k manne a jikin ƙafa ta 2.

12AX7 biyu ce a kwalba ɗaya, rabi ya ishe ka tunda wayar hannu na fitar da sauti da ƙarfinsa. Fulet ƙafa ta 1 da 100k, girid ta 2 daga bolum 100k, katod ta 3 da 1.5k. Tsakaninta da EL84 kafasita 0.022 mai bolt 630, sabuwa. Hitarta a 6.3: haɗe 4 da 5 wuri guda, ɗayar wayar a ta 9.

Injiniya_Fagge:
Baba ya gama magana, sai ƙari kan kunnawar farko. Samu ƙwan fitila mai zare na wat 60, ba na zamani ba, ka jera shi a kan layin wuta kafin taransifoma. In ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske tar, akwai inda waya ta haɗe, kashe ka duba. Fara ba bawul a ciki, auna 6.3 da babbar wuta (za ta haura 320 tunda ba mai shanta), sannan ka kashe, ka jira ta sauka, ka sa su.

Da bawul a ciki, lambobi biyu ne za su gaya maka gaskiya. Katod ɗin EL84 ya nuna bolt 7 zuwa 8. Raba da 150, ka samu wajen miliam 50. Girid ɗinta kuma ya nuna sifili. In ka ga bolt ko da ɗaya ne a girid, kafasitar 0.022 na yoyo, nan da nan fulet zai yi ja kamar garwashi. Iyakar EL84 wat 12 ce, kuma wannan tsarin dama a bakin iyakar yake. Wutarmu a Kano kuwa ba ta zama wuri guda, ga janareta. In ta hau 250 ka wuce iyaka, in ta faɗi 180 hita ya koma ƙasa da bolt 5, sauti ya shaƙe. Ni a ganina sa om 180 maimakon 150, ka rasa ɗan ƙarfi kaɗan bawul ya daɗe, sannan ka bi da ita ta sitabilaiza.

Batun taransifomar sifika, lissafin zagayen naɗi 25 ne da 1, don EL84 na son ganin wajen om 5,000 alhali sifika 8 ce (25 sau 25 sau 8 ke ba da 5,000). Ta caja mai 230 zuwa 9 ta kusa haka, za ta yi magana.

Mai Naɗi:
Injiniya, za ta yi magana kam, amma muryar za ta fito a sirance, ba gindi. Dalili: miliam 50 ɗin nan na bi ta cikin naɗin kullum ta fuska ɗaya, ƙarfen ya ƙoshi da maganaɗisu tun kafin sauti ya zo. Ta caja an saƙa ƙarafunta a sarƙe, babu rata. Don gwaji ba laifi. Don zama, a warware ƙarafun, masu siffar E duk su koma gefe ɗaya, miƙaƙƙun su zauna ɗaya gefen, a sa takarda siririya, kamar milimita 0.1, a tsakani. In sabon naɗi za a yi, zagaye 2,500 na waya 0.15, da zagaye 100 na waya 0.7. A raba babban naɗin biyu a cusa ƙaramin a tsakiya, da takardar kariya mai kyau, in ba haka ba sautin sama zai dushe. Ka rubuta wa mai naɗin wannan a takarda, domin in ka ce masa taransifoma kawai, irin ta sitabilaiza zai yi maka.

Kuma kada a kunna amfilifayar ba sifika a jone. Wutar da ta rasa mafita tana tsalle ta huda naɗin.

Ɗan Gwale:
Allah ya saka da alheri. Saura ƙugin nan da ake cewa masu bawul na yi. Sannan wani ya ce in sayi 6N2P in ajiye a madadin 12AX7.

Baba Mai Rediyo:
Ƙugi iri biyu ne. Mai kauri na ƙasa daga hita yake: murɗa wayoyin hita biyun tamau, ka kwantar da su a kusurwar shasi nesa da girid, sannan om 100 daga kowace waya zuwa ƙasa. Mai ɗan tsini daga tacewa ne ko ɗaurin ƙasa: tara duk wayoyin ƙasa su sauka a shasi wuri ɗaya. Taransifomomin biyu a nesanta su, ɗaya a gicciye da ɗaya. Murfi kuma a huda shi sama da ƙasa, zafin Afrilu ba ya raga wa kafasitar da ke kusa da EL84.

6N2P ta Rasha ce, aikinsu kusan ɗaya, amma hitarta dabam. Ita 6.3 tsakanin ƙafa ta 4 da ta 5 take shiga, ta 9 garkuwa ce da ake kai wa ƙasa. In ka cusa ta a soket ɗin da ka haɗe 4 da 5, ko ɗumi ba za ta yi ba. Wadda ke shiga gurbin EL84 ba tare da sauya waya ba ita ce 6P14P.