Mace-macen hawan jini da suga: ƙaruwa suka yi ko yanzu ne muke lura?

Ɗan Aboabo:
Salamu alaikum. Dattawan Zango suna cewa a zamaninsu ba a san mutum ya yanke jiki ya faɗi da ɓarin jiki ba, amma yau a Kumasi kusan kowace jana'iza za ka ji an ce bi-pi (hawan jini) ne ko suga. Da gaske abin ƙaruwa yake yi, ko na'urar awo ce ta yawaita?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam. Duka biyun. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a faɗin duniya masu hawan jini 'yan shekara 30 zuwa 79 sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa kusan biliyan 1.3 a 2019. Masu suga kuwa daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. Sai dai a yi hattara da jimillar lamba kaɗai. Gana tana da mutum miliyan 6.7 a ƙidayar 1960, a 2021 miliyan 30.8. Jama'a sun yi yawa, kuma wanda a da ƙyanda ko zazzaɓi zai ɗauke yana yaro, yau yana kai shekara 60, shekarun da ciwon ke kamawa. Shi ya sa masana ke daidaita lissafi da shekaru. Ko da aka daidaita, mutuwar suga ta hau da kashi 13 cikin ɗari tsakanin 2000 da 2019 a ƙasashe masu matsakaicin ƙarfin arziki na matakin ƙasa, rukunin da Gana take ciki. A Turai da Amurka kuwa mutuwar ɓarin jiki ta yi shekaru tana sauka, don ana ganowa da wuri ana shan magani.

Hajiya ta Asawase:
Malam, ka bar abu guda. Lambobinmu na nan gida ba su kai gaskiyar ba. Hawan jini ba ya sa hannu da sunansa: a takardar mutuwa sai a rubuta ɓarin jiki, ciwon zuciya ko ƙoda. Mu kuma a Zango wanda ya rasu a gida da asuba, kafin la'asar an kai shi makwanci, ba likitan da ya rubuta dalili.

Yaya Nas:
Inda abin ke lalacewa, ɗan'uwa, wajen magani ne. Kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, don ba ya ciwo. Wanda ya sani kuma, ya sha maganin hawan jini amlodipine wata ɗaya, awo ya sauko, ya ce ya warke. Maganin ne ya riƙe jinin, ana dainawa yake komawa. Wani amlodipine ya kumbura masa ƙafa, wani lisinopril, shi ma maganin hawan jini, ya sa shi busasshen tari, maimakon ya koma a canja masa sai ya koma ga jiƙo. Ga diclofenac da ake saye a kyamis don ciwon gwiwa, yana ɗaga jini yana cin ƙoda a hankali, har a kai ga wankin ƙoda a asibitin Komfo Anokye.

Awo ma da ƙa'ida: zauna minti 5, baya a jingine, hannu daidai ƙirji, ba hira. Ɗan ƙaramin maɗaurin na'urar awo a kan babban damtse yana ba da lamba sama da gaskiya. Idan 140/90 ko fiye ya maimaita a ranaku biyu dabam, a ga likita. Haka ma idan awon suga kafin karin kumallo ya kai 7.0 mmol/L ko sama. Katin inshorar lafiya na NHIS da bai ƙare ba yana ɗaukar kuɗin amlodipine da metformin, maganin suga.

Hajiya ta Asawase:
Sai tukunya. Gishirin yini duka kada ya kai giram 5, ƙaramin cokalin shayi ke nan. To a lissafa dunƙulen magi a miya, kobi da momoni (kifin da aka adana da gishiri), da shito (miyar barkono) a kan wake da shinkafa. Kobi a jiƙa shi, a zubar da ruwan sau biyu kafin ya shiga miya.